Na karanta littattafan zaburarwa 14, amma har yanzu ina raina kaina. Ina matsalar take?

Malamar Lissafi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyayena da yayyena na wannan zaure, kuma ina neman afuwa idan bayanina ya yi tsawo, domin magana ce da na daɗe ina riƙe da ita a ciki ban faɗa wa kowa ba.

Shekarata 29, kuma shekara 6 ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare mai zaman kanta. Ɗalibaina suna cin jarrabawa daidai gwargwado, iyaye ba su taɓa kawo ƙarata ba, amma duk ranar da zan shiga aji sai in ji kamar yau ne asirina zai tonu, a gane cewa ban san komai ba. A ƙarshen zangon da ya wuce shugabar makarantarmu ta kira ni ofishinta, ta ce tana son in riƙe sashen kimiyya. Na roƙe ta kwana biyu in yi shawara, na yi kwana biyun ba barcin kirki, sannan na koma na ce mata a ba wani, ni ban kai ba. Ta dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, ba ta ce komai ba sai, "To, shi ke nan, Malama." Haka kuma sau biyu ina cike fom ɗin digiri na biyu a intanet, in biya kuɗi, in kasa danna wurin aikawa har ranar rufewa ta wuce.

Idan na bi sawun abin, ina jin ya yi tsanani ne tun ranar da na kare kundin digirina na farko. Ɗaya daga cikin malaman da suka zauna ya juya shafuka biyu ko uku, ya ɗago kai ya tambaye ni a gaban kowa, "Wa ya rubuta miki wannan?" Ni na rubuta shi, da hannuna, cikin wata bakwai, amma bakina ya mutu, na tsaya ina kallon ƙasa. An ba ni maki mai kyau daga baya, sai dai tambayar ce ta zauna mini, makin bai zauna ba.

Shekara biyu da suka wuce na fara sayen littattafan zaburarwa da gina kai, wasu a hannun masu talla a cunkoson motoci, wasu kuma aka turo mini ta WhatsApp. Jiya na ƙirga, sun kai 14. Duk wanda na fara sai in ji kamar an kunna mini fitila, in ja layi a ƙarƙashin jimloli, in rubuta buri a takarda in manna a bango, in tsaya gaban madubi da asuba ina gaya wa kaina cewa ni gwana ce. Bayan kwana uku ko huɗu sai abin ya mutu kamar wutar kara, in koma inda nake, har da ƙarin jin cewa ko littafin ma na kasa amfana da shi.

Tambayata ita ce: shin akwai wanda karatun irin waɗannan littattafai ya cire masa kokwanton kansa da gaske? Idan akwai, yaya ya karanta su? Ko kuwa ɓata kuɗi da lokaci kawai nake yi?

Mai Shagon Yadi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, sakandare na gama na shiga kasuwa, amma tambayarki ta taɓa ni, don haka zan faɗi abin da na gani a kaina.

Shekara 9 na yi a ƙarƙashin ubangidana a Kantin Kwari kafin ya sallame ni da jari. Yadi kam na san shi, ko ido rufe na shafa shadda zan gaya miki darajarta, amma akwai abu guda da ya kusa karya ni a shekarar farko, shi ne ba na iya tambayar bashi. Mutum zai ɗauki kaya ya ce sai Juma'a, Juma'a biyar su wuce, in gan shi a masallaci in sunkuyar da kai kamar ni ne na ci masa kuɗi. A raina ina ganin wane ni in tsayar da babban mutum in ce ya biya ni. Littafin da ya taimake ni guda ɗaya ne, wani abokina ya ara mini, bangonsa ma ya yage. A wani babi marubucin ya ce mutum ya jera abubuwan da yake tsoro, ya fara da mafi ƙanƙanta, ya kuma rubuta kalmomin da zai faɗa kafin ya buɗe baki. Na ɗauko littafin bashi na jera sunaye 11, na fara da mai naira 4,000. Na rubuta jimla biyu a bayan rasit, na kira shi tafin hannuna yana gumi, na karanta su kamar ɗan firamare. Ya ce, "Wallahi mantawa na yi," kafin la'asar ya aiko yaro da kuɗin. Na ƙarshe a jerin, wanda na fi jin nauyinsa, sai da na yi wata biyu kafin na kai kansa, kuma bai biya duka ba, amma na tsaya a gabansa na yi magana.

Tun daga nan na ɗaura wa kaina doka: ba na wuce babi sai na aikata abu ɗaya daga cikinsa, ko da babin zai ɗauke ni wata guda. Shi ya sa da na ji kin ce 14 a shekara biyu, sai na ce a raina Malama ta yi ta sayen magani ne tana karanta takardar da ke cikin kwalin. Ki yi haƙuri da maganata, ɗan kasuwa ba ya iya kwana-kwana.

Sannan ki riƙa tacewa. Da yawansu an rubuta su ne don mutanen da rayuwarsu ba irin tamu ba ce. Akwai wanda na karanta yana cewa ka yanke hulɗa da duk mai sanyaya maka gwiwa, alhali ni mai sanyaya mini gwiwa a lokacin kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya biya mini kuɗin makaranta. Ba zan yanke zumunci don wani Bature ya ce ba. Abin da na yi shi ne na daina kai masa shawarar kasuwa, na ci gaba da kai masa gaisuwa. Masu cewa kuma ka yi ta tunanin kuɗi za su zo, in da gaskiya ne, da 'yan zaman majalisa a bakin titi sun fi kowa arziki a garin nan.

Malamar Jami'a ta amsa:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ina koyar da ilimin halayyar ɗan'adam, kuma ina so ki fara da sanin cewa abin da kika bayyana sananne ne a fagenmu. A shekarar 1978 wasu masana biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka wallafa abin da suka gani a wajen mata fiye da 150 waɗanda suka yi fice a karatu da aiki, wasunsu da digirin digirgir, amma kowacce tana ganin sa'a ce ta kai ta, ko kuskure aka yi aka ɗauke ta, kuma wata rana za a gano ta. Wato mutum yana jin kansa kamar sojan gona a wurin da ya samu da guminsa. Bincike na baya ya nuna maza ma suna fama da shi. Abin lura shi ne ƙarin nasara ba ya kashe wannan ji da kansa, domin duk nasarar da ta zo sai mai shi ya samo mata wani dalili da ba shi ba. Ke ma kin yi hakan a rubutunki: kin ambaci cin jarrabawar ɗalibanki a rabin jimla kin wuce, kin tsaya kan tambayar malami guda kin ba ta sakin layi sukutum.

Game da madubi kuwa, ina roƙonki ki bar shi. A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka sa mutane maimaita jimlar "Ni mutum ne abin ƙauna", sannan suka auna yanayin ransu. Waɗanda dama suke ganin kansu da daraja sun ɗan ji daɗi kaɗan, amma masu raina kansu, wato waɗanda aka ce maganin nasu ne, sai suka ƙara jin ba daɗi. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Idan kin ce wa kanki "ni gwana ce" alhali zuciyarki ba ta yarda ba, nan take za ta tashi ta kawo miki hujjoji goma na ƙaryata ki, ki bar gaban madubin kin fi da rauni. Saboda haka mutuwar wutar bayan kwana uku ba gazawarki ba ce, haka dabarar take yi wa masu irin halinki.

Abin da Mai Shagon Yadi ya yi da littafin bashinsa shi ne kusan abin da Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana a 1977. Bandura ya ce yardar mutum cewa zai iya wani aiki tana samuwa ta hanya huɗu: ya yi aikin da kansa ya ga ya yiwu, ya ga wani irinsa ya yi, a gaya masa da baki cewa zai iya, sai kuma yadda yake fassara bugun zuciya da rawar jikinsa. Ta farkon ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba, ta baki kuwa tana cikin masu rauni, kuma ita ce kusan duk abin da littafin zaburarwa yake iya bayarwa. Ya gwada wannan a kan mutanen da tsoron maciji ya hana su sakewa. Ba a zaunar da su ana yi musu wa'azin jarumta ba. An fara da su kalli maciji marar dafi daga nesa yana cikin akwatin gilashi, su ga wani ya ɗauke shi, su matso, su taɓa da safar hannu, su taɓa da hannu tsirara, kowane mataki sai an ga sun natsu kafin a wuce. Waɗanda suka bi matakan da hannunsu sun fi waɗanda suka tsaya kallo kawai samun ƙarfin gwiwa. Shugabancin sashe shi ne ɗaukar macijin gaba ɗaya, ke kuma ba a taɓa sa ki kin tsaya kusa da akwatin ba, to ba abin mamaki ba ne da kika ja da baya.

Ban ce a zubar da littattafai ba, amma ba duka suke ɗaya ba. Biyu daga cikin waɗanda aka fi gani a hannun masu talla an fara buga su ne a 1936 da 1937, lokacin da Amurka take cikin karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, mutane suna neman duk abin da zai ɗaga musu rai. Irinsu labari ne da kirari. Akwai kuma wani rukuni da aka gina a kan hanyar gyaran tunani da ɗabi'a wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, kuma irin waɗannan ne suka fi yawa a jerin da likitoci a Ingila suka fara tura marasa lafiya su aro a ɗakunan karatu tun 2013. Alamarsu ita ce suna ba da aiki: akwai gurbin da za ki cike, akwai abin da za ki je ki gwada ki dawo ki rubuta sakamako. Idan kin buɗe littafi kin ga babu inda ya sa ki ɗauki biro don wani abu ban da jan layi, ki ɗauke shi a matsayin hira.

Ga aiki guda daga cikin irin nasu. Ki sami ƙaramin littafin rubutu ki raba shafi gida uku. Kafin duk abin da kike fargaba, ki rubuta abin da kike hasashen zai faru dalla-dalla, misali "za a yi mini tambaya in kasa amsawa, a yi dariya". Bayan an gama ki rubuta abin da ya faru a zahiri, a gida na uku kuma abin da ke kika yi da ya sa aka samu hakan. Bayan wata biyu ki karanta daga farko. Zuciya tana iya musun kirari, amma musun rubutun hannunki mai kwanan wata yana yi mata wuya.

Abu na ƙarshe: kin ambaci rashin barci. Idan na kwana biyun nan ne kawai, babu komai. Idan kuwa ya haura mako biyu tare da rashin cin abinci, yawan kuka, ko jin rayuwa ba ta da amfani, to wannan ya wuce aikin littafi, ki ga likita ba tare da jin kunya ba.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na yi shekara 35 a aikin koyarwa kafin in ajiye, 12 daga ciki ina shugabantar makaranta, saboda haka bari in gaya miki abin da ke cikin kan wanda yake zaune a ɗaya gefen teburin.

Shugaba ba ya ba da sashe don tausayi, domin idan sashen ya lalace shi za a tuhuma. Kafin ta kira ki ta duba sakamakon ɗalibanki, ta duba littafin shirin darasinki, ta ji abin da yara suke faɗa, wataƙila ma ta tsaya a bayan taga kina koyarwa ba ki sani ba, don ni na sha yin haka. Da kika ce mata ba ki kai ba, kin ce mata ke nan ba ta iya aikinta ba, ko da yake na san ba nufinki ke nan ba. Shi kuma malamin da ya tambaye ki wa ya rubuta miki, bai kyauta ba da ya yi a bainar jama'a, amma ki yi tunani: na duba rubutun yara dubbai, ban taɓa tambayar mai aikin banza wa ya yi masa ba. Aikin da ya fi ƙarfin abin da ake zato shi ake yi wa wannan tambaya. Shekara da shekaru kina ɗauke da yabo kina zaton zagi ne.

Na yarda da yawancin abin da Malamar Jami'a ta faɗa, sai dai ina ganin akwai wani gefe da littattafan Turawa ba za su gane ba. Mu muka tarbiyyantar da ku a kan cewa yabon kai jahilci ne, yaro ba ya haɗa ido da babba, 'ya mace kuma ta fi kowa sunkuyar da kai. Tarbiyya ce mai kyau, ba na nadamarta, amma mun manta mu gaya muku inda iyakarta take, har wasunku suka ɗauka cewa musun baiwar da Allah ya yi musu shi ne tawali'u. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta surarsa, kuma babu malamin da ya kira wannan girman kai. Annabi Musa kuma, da aka aike shi wurin Fir'auna, bai ɓoye fargabarsa ba. A cikin Suratu Ɗaha ya roƙi a buɗa masa ƙirjinsa, a sauƙaƙe masa al'amarinsa, a warware ƙullin harshensa, a kuma ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna, sannan ya tafi. Ki lura da roƙon nan na ƙarshe, don a nan nake ɗan saɓa wa masu cewa littafin rubutu ya isa. Sunan da ake kiran littattafan nan da shi, wato na gina kai, yana sa mutum ya ɗauka shi kaɗai zai gyara kansa a cikin ɗaki, ke kuma kin yi shekara biyu kina fama ke kaɗai, kin ce ma ba ki taɓa faɗa wa kowa ba. Ki nemi Harunanki. Wata malama da ta girme ki a aiki, wadda za ki ce wa ta zauna a bayan ajinki ta gaya miki gaskiya, ta fi miki littafi na 15.

Ki koma wurin shugabarku, ba tare da dogon bayani ba. Ki ce kin yi gaggawa, kuma kina son a jarraba ki da wani abu ƙarami. Mu shugabanni mun saba da ƙin farko, sau da yawa kunya muke ɗaukarsa.

Malamar Lissafi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru mako uku ne domin ban so in dawo hannu rabbana.

Baba, na koma wurin shugabarmu kamar yadda ka ce. Sashen an riga an ba malamin kimiyyar sinadarai, kuma gaskiya abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, wanda ya nuna mini ashe ina so. Amma ta ba ni minti 10 a taron malamai na ranar Alhamis in yi bayanin inda ɗaliban aji biyar suka fi faɗuwa a jarrabawar zangon da ya wuce. A gida na farko na littafin da Anti Malamar Jami'a ta ce in buɗe, na rubuta cewa muryata za ta yi rawa, za a yi mini tambayar da ban sani ba, za a yi dariya. Biyu sun faru. Muryata ta yi rawa har takardar hannuna tana kaɗawa, kuma wani malami ya tambaye ni ko faɗuwar ta fi yawa a wajen waɗanda suka shigo daga wasu makarantu, abin da ban duba ba. Na ce ban duba ba, zan kawo ranar Litinin. Babu wanda ya yi dariya, shi ma gyaɗa kai kawai ya yi ya rubuta wani abu. Ranar Litinin na kai masa, kuma hasashensa ya yi daidai.

Littattafan na ajiye 13 a gefe, na bar guda ɗaya mai guraben cikewa, ina babi na biyu tun makon jiya saboda dokar Mai Shagon Yadi. Fargabar shiga aji ba ta tafi ba, jiya ma na ji ta. Malamar da zan roƙa ta zauna a bayan ajina na zaɓe ta a raina, amma ban yi mata magana ba tukuna.

Yanzu ga wata tambayar. An sake buɗe fom ɗin digiri na biyu, kuma ana bukatar wasiƙar shaida daga mutum biyu, ɗaya daga wurin aiki. Shin ya dace in nemi shugabarmu ta rubuta mini, bayan ni da bakina na gaya mata ban kai ba wata biyu da suka wuce, ko in nemi mataimakinta? Ranar 30 ga wata za a rufe.